Damin Aro

Mai awo ya ja sarƙarsa ta ratsa tushiyoyin gero, ya kafa turke na huɗu a gindin gamba, inda gonar ta yi iyaka da hanyar Mirriya. Nomau yana tsaye a inuwar gawo yana kallo, ko da yake kallon nasa sai a hankali. Yanar ido ta cinye rabin ganinsa, mutane duk sun zame masa riguna masu motsi.

Sunan ne kawai Nomau. Majemi ne, haifaffen Birni, bai taɓa duƙawa da hauya ba. Gonar ta gado ce, kuma Alhaji Mai Nasara, attajirin gyaɗa, ya matsa sai an sayar masa. Ya ce mulkin kai ya ƙarato, Damagaram za ta cika da ma'aikata da tsofaffin sojan Faransi masu neman wurin gini, zai yayyanka ta filaye. Shi kuwa Nomau abu ɗaya yake so, ya ga Ka'aba kafin idon ya rufe.

Mushe Garba (wato Malam Garba a bakin Faransawa), akawun da aka turo daga biron kumandan, ofishin Baturen mulki, ya ɗago kai daga takardunsa.

"Baba, da sauran magana. Ba ka da takarda. Maƙwabta kuma sun ce wani ne ke noman nan tun suna yara."

"Aro ne," in ji Nomau. "Ubana ya ara wa uban Modu, shekarar da suka zo daga Barno. Kowace kaka dami ɗaya suke kawowa, don kada a manta mai gona. In muka ɗauka, sun sami wata damina ke nan."

"Wa ya shaida?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Shaidun duk suna maƙabarta.

"Ka ga, yanzu ko'ina cewa ake yi gona ta mai nomanta ce," in ji akawun. "In Modu ya ce tasa ce, ba ni da abin rubutawa. A nemo shi."

Nan fa ake yin ta. Da gangan Nomau ya zaɓi Alhamis, don ya san Modu ba ya fashin kasuwar Dole. Wata biyu ana cinikin nan bai iya buɗe baki ya gaya masa ba. Kunya yake ji, ita ce ta sa yau ya shigo gonar ubansa kamar ɓarawo.

Ba a kai ga aikawa ba sai ga jaki ya ɓullo daga wajen gari. Nomau bai ga fuskar mai korarsa ba, amma ya san tarin. Modu ne, ya ɗaure dami a bayan jakin. Ya yi sallama, ya gaida Alhaji, ya gaida akawu, sannan ya tsaya yana duban turakun nan huɗu.

"Na je gidanka, mai ɗakinka Delu ta ce kana nan," ya ce wa Nomau. "Ta gaya mini abin da ya kawo ka."

Alhaji ya gyara babbar riga, ya soma murza carbi da sauri. Mushe Garba ya matso.

"Malam Modu, tambaya ɗaya zan yi maka, ka yi tunani kafin ka amsa. Shekara nawa kana noman nan?"

"Talatin da uku, ban da na ubana."

"Kana da wata gonar?"

"Babu."

"To, wannan ta wane ne? Abin da ka faɗa shi zai shiga takarda, kuma in ya shiga ba ya fita."

Modu ya juya ya kwance igiya, ya rungumo damin, ya ajiye shi a ƙasa gaban Nomau. Zangarniya ce zaɓaɓɓiya, har ƙamshinta yana tashi.

"Yaya, ga na bana."

Akawun ya rage murya. "Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na sani, Mushe. Ubana ya ci gero a nan lokacin da ba shi da ko tabarma. Ba zan kai masa ƙarya kabari ba." Ya share gumi da hannun riga. "Alhaji, alfarma ɗaya. Na riga na zuba taki a gefen yamma. A bar ni in kwashe kafin magina su zo."

"Wannan ai ba komai," in ji Alhaji, fuska ta washe. "Har kara ka haɗa."

Mushe Garba ya rubuta abin da zai rubuta, ya kama babban yatsan Nomau ya dangwala a tawada. Yatsan ya sha bagaruwa shekara hamsin, tawadar ma ba ta nuna ba. Takarda tana nan a kan jaka, fara fat, ita kam Nomau yana ganinta sarai. Ga Makka a tafin hannunsa, kuma mutumin da ya ɓoye wa cinikin shi ya miƙo masa ita. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun rasuwar ubansa.

"Dangwala mana, Malam Nomau," in ji Alhaji. "Rana tana yi."

Nomau ya sunkuya kamar mai gyara takalmi. Ya goge yatsan a ƙasa, ya laluba ya kama ɗaurin damin. Sau biyu yana yunƙurawa kafin ya kai shi ka.

Modu ya yi tsaye yana kallon damin a kan Nomau. Alhaji ma ɗan ƙasar ne, ba ya bukatar tafinta: an ɗauki dami, Modu ya sami wata damina ke nan.

"Haba, Malam! Makkar fa? Idon nan ba zai jira ka baɗi ba."

"Na sani, Alhaji. Ka yi haƙuri, a cire turakun."

Ya juya zai tafi, ya nufi ƙaya maimakon hanya. Modu ya yi wuf ya tare shi.

"Kawo a ɗora wa jaki, Yaya."

"Bar mini kayana," in ji Nomau. "Kai dai shiga gaba. Rigarka fara ce, ita nake iya gani."