Kwat Ɗin Urho

A garin su Urho, duk shekara kafin ƙanƙara ta narke sai a haɗa mutum-mutumin ciyawa a kafa a tsakiyar tafkin da ya daskare, kowa ya canki ranar da zai nutse. Bana da aka nemi tsohuwar rigar da za a sa masa, sai yayar Urho, Sirkka, ta ba da kwat ɗinsa ba tare da ta tambaye shi ba.

"Yaya, kin kashe ni!"

"A kan wannan tsumman? Ko ɓera ya ƙi shi."

Abin da ba ta sani ba, a aljihun ciki akwai wasiƙar neman aure da ya rubuta wa Tuovi mai gidan burodi shekara tara da suka wuce, ya kasa miƙa mata. Urho kuwa mutum ne da ko gaisuwa sai ya yi nazari kafin ya amsa. Wata uku ya yi yana rubutun nan, in ya nutse ba zai iya wani ba.

Da hantsi ya ɗaura katakon sulun kan ƙanƙara a ƙafa, ya nufi tsakiyar tafki. Ya tuɓe wa mutum-mutumin kwat ya saka ke nan, sai ya ji hayaniya. Rabin gari ne tafe, ana jan yara a kan allon zamiya. Kunya ta kama shi. Maimakon ya gaishe su kamar mai hankali, sai gogan ya binne ɗan ciyawa a ƙanƙara, ya ja hularsa har ido, ya ware hannuwa ya sandare.

"Kai, na bana ya fi na bara muni," in ji wani tsoho.

"Wa ya yi masa hancin nan? Dankali ne?"

Yara suka dunƙula ƙanƙara suka yi ta jifarsa. Tsohon ya rataye masa jakar kifi a hannu, ya sha kofinsa a tsanake. Urho ko tari.

Da suka watse, mutum ɗaya ta rage. Tuovi ce.

"Malam Ciyawa, ni na sa maka rigar nan, kuma ba na sa wa kowa riga ban laluba aljihu ba. Amsa tana aljihun hagu tun ranar Talata."

Ta juya abinta. Urho ya so ya kai hannu, ashe sanyi ya ƙage shi, hannu ya ƙi sauka. Tsoro ya kama shi sosai, gani yake wata shekara taran ce ke tafiya.

"Tuovi! Tsaya!"

Bai taɓa kiran sunanta da ƙarfi ba sai ranar. Ta dawo tana dariya har da hawaye, ta zaro takardar amsar ta buɗe masa a gaban hanci, ya karanta:

"Na yarda. Amma wannan karon ka yi sauri, ƙanƙara ba ta jira."