Fatalwa Mai Bokiti a Ƙafa

Baba Alidu ya sake fizge robar iskar daga fuskarsa ya jefar. Tsohon direba ne ɗan Kumasi, korona ta kwantar da shi a wani asibiti a Doha. Duk wanda ya tunkaro gadonsa cikin farar rigar kariya, shi likkafani yake gani yana tafiya da ƙafafunsa.

"In bai karɓi iskar nan yau ba, sai a zura masa bututu a maƙogwaro," in ji Job, abokin aikin nas Kezia, suna tsaye a bakin ƙofa. "A shekarunsa kuwa, kin sani."

Ta sani. Akwai kuma wani ilimin da take taƙama da shi, wanda babu jami'ar da ta ba ta shaidarsa: tsofaffin gajerun finafinan barkwanci marasa launi, inda sakarkaru ke kwana a gidan fatalwa. Abokan hayarta a unguwar Mansura sun gaji da jin dariyarta ta bango. Ra'ayinta ɗaya ne, ba ta kuma neman mai taya ta: fim yana kaiwa ƙarshen daɗi ne idan fatalwar ta fi kowa tsorata.

Ta shiga a hankali cikin farar rigar kariyarta, hannuwa a miƙe. Baba Alidu ya soma a'uziyya.

Ta wuce gilashin taga kamar ba ta ga komai ba. Ta tsaya. Ta dawo da baya, ta leƙa, suka haɗa ido da farar halittar da ke ciki. Sai ta daka tsalle, ƙafarta ta faɗa cikin bokitin goge-goge, ta ja shi ƙwaram-ƙwaram har gefen gado. Duk girmanta, ta laɓe a bayan siririn ƙarfen da ake rataya ledar ruwa.

"Baba, don Allah duba mini," ta ce, murya na rawa. "Ta tafi?"

Tsohon ya dubi tagar, ya dubi bokitin. Dariya ta ƙwace masa, tari ya biyo baya.

"Ke 'yar nan, ai ke ce!"

"Ni?"

"Wace irin fatalwa ce da bokiti a ƙafa? Khalas, ya isa, kawo abin naku, kada dariyarki ta riga ciwon kashe ni."

Ta ɗaura masa robar, ta tsaya har numfashinsa ya daidaita.

A waje Job ya ce, "Hajiya fatalwa, wannan a wane aji aka koya muku?"

Ita hankalinta yana kan wasan da ta yi. Tsallen ya fita yadda ya kamata, bokitin ma bai ba ta kunya ba. Amma fuskar firgicin da ta yi a gaban tagar, wadda ta yi shekaru tana gwadawa a madubi, ta tabbata ba ta taɓa yin mai kyanta ba. Ƙarƙashin takunkumi biyu ta yi ta, babu wanda ya gani.