Canjobar Gidan Mai Gyaran Wuta

Duk ranar da iska ta tsinke waya, matar mai gyaran wuta ba ta da sauran zama. Yau kuwa mijin nata a kan falwayar bakin layinsu yake, don haka ta bar wanki a baho ta fita da kumfa a hannu.

Abin da take tsoro guda ne. In mutum ya cusa wayar janareta kai tsaye cikin soket, wutar ba ta tsayawa a gidansa. Sai ta bi waya ta koma falwaya, ta sami wanda ya yi imanin layin a mace yake. Maganin abin shi ne canjoba, ɗan akwatin da ke raba gida da layin waje kafin janareta ya ɗauka.

Ta fara da shagon mai aski.

"Sannu da aiki. Ina canjobarka?"

"Haba Uwar Layi, ba jiya kika gani ba? Ko ƙafa ta yi?"

"Nuna mini dai."

Ya nuna. Ta leƙa wajen tela, ta leƙa gidan mai ƙanƙara, ana yi mata tsiya tana ramawa, ido rabi a bango rabi a sama. Can bakin layi ga mijinta, ɗaure da bel, kamar tsuntsu a reshe. Tsoro take ji, ba ta kuwa ɓoyewa.

Tana juyowa sai ta ji wani janareta ya yi tari ya kama. Ta san muryar kowane inji a layin nan. Wannan nasu ne.

Takalminta ɗaya a titi ya tsaya. Ta faɗa tsakar gida, ta tarar da surukinta tsaye kan injin yana haki, fuska fal fara'a. Wata waya mai filogi a kowane baki ta bi ta taga zuwa soket ɗin falo. Ba ta ko yi sallama ba, ta kashe injin.

"Ke, lafiya? Allurata ce ke ɗumi a firji."

"Baba, ɗanku ne a kan falwaya."

Tsohon ya jawo bokiti, ya kife shi ya zauna.

Ba a jima ba sai ga mai gyaran wuta ya shigo kamar zai ci babu, hularsa a hannu.

"Saura ƙiris! Ina kai abin gwaji ya yi ja. Wani marar tunani ne ya turo mini wuta, kuma wallahi sai na gano gidan..."

Idonsa ya sauka kan wayar. Ya bi ta da kallo har taga, sannan ya dubi mahaifinsa, wanda ya riga ya zauna a kan bokiti.

Matar ta wuce su. Ta shiga ɗaki ta taka kujera, ta sauko da canjobar da ya saya tun bara, wadda kullum sai "gobe in na huta". Ta hure ƙurar, ta ɗora masa a hannu.

"Ka gano gidan," ta ce.

Ya juya akwatin, ya sake juyawa. Tsohon ya miƙe da ƙyar.

"Ɗauko tsanin," ya ce. "Ni zan riƙe maka."