Wanda Ya San Iyakokin Kuka Bakwai

Maigari Mai Nasara ya rasu wata Talata da hantsi, saura 'yan makonni ruwa ya sauka, bayan ya shekara talatin da huɗu yana riƙe da Kuka Bakwai, wani ƙauye da ke yamma da Damagaram, gaba kaɗan da Tirmini. Rabin mutanen garin ba su taɓa sanin wani maigari ba sai shi. Da aka dawo daga maƙabarta maza suka zauna ƙofar zaurensa ana karɓar gaisuwa, kowa na magana ƙasa-ƙasa, kamar har yanzu yana ciki yana saurare.

Illa na bakin ƙofa, inda ya saba zama. Shekara ashirin da bakwai yana ɗan aiken maigari. Shi ke kiran wanda ake nema, shi ke bin bayan maigari in an fita duba gona, shi ke kai saƙon da ba mai son ji. Yanzu ya haura sittin, gwiwoyinsa sun fara gardama, kuma tun da aka rufe kabarin nan wata irin kasala ta sauko masa wadda barci ba ya maganinta.

Duk tsawon mulkinsa Mai Nasara bai taɓa yarda a rubuta iyakar gona ba. Iyakokin garin suna cikin kansa. Wanda ya bi shi, gonarsa ta zauna lafiya. Wanda ya ɗaga masa murya kuwa, sai wata damina ya tarar gambar da ke kan iyakarsa ta matso ciki taku goma. Ba a tambayar wa ya matsar da ita. Kowa ya san hannun, kowa ya san bakin da ya aiki hannun.

Ana gama sadakar bakwai mutum biyu suka fito neman sarautar. Ɗaya Mahamud ne, ɗan marigayin, mai aiki a wani biro, wato ofis, cikin Damagaram. Ɗayan Suma'ila, ɗan wan marigayin, wanda aka kori ubansa daga garin tun yana saurayi, ya girma a Takieta yana fataucin gujiya. Magidanta ne za su zaɓa, amma sai farfe, babban jami'in gwamnati na yankin, ya aiko da ranar zaɓe.

Mahamud ne ya fara zuwa gidan Illa. Ya jingine moto, wato babur ɗinsa, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi masa ba.

"Baba Illa, kai ne idon Baba. Abin da ya yanke a bar shi yadda yake. In aka fara tone-tone, garin nan ba zai zauna ba."

"Allah ya zaunar da mu lafiya," in ji Illa.

Washegari Suma'ila ya zo da goro. Shi bai durƙusa ba.

"Malam Illa, ba na ƙullace da kai. Aikenka aka yi. Ka tsaya gaban jama'a ka faɗi abin da baffa ya sa ka ka yi, ni zan tsaya maka."

"Allah ya nuna mana," in ji Illa. Da baƙon ya fita, ya miƙa wa matarsa Hafsatu goron, ya ce ta raba wa maƙwabta.

Aka ce zaɓe sai bayan sadakar arba'in. Arba'in ta wuce, aka ce sai an gyara sunayen magidanta, domin kowane ɓangare ya ce an cusa matattu da waɗanda suka tafi ci-rani. Daga nan takarda ta zo cewa a bari sai an cire amfanin gona. Garin ya zauna ba mai faɗa a ji. Famfon rijiya ya lalace, ya yi kwana goma sha biyu ba a gyara ba, don duk wanda ya kira taro za a ce sarauta yake nema wa mutuminsa. Mata suka koma tsohuwar rijiya da guga. Da ana tsoron mutum ɗaya, yanzu kowa na tsoron maƙwabcinsa. Har waɗanda suka yi hamdala a ɓoye ranar rasuwar, Illa ya ji su suna cewa da tsoho na nan da ba haka ba.

Ruwan shuka ya sauka wata Alhamis. Da safe, ƙasa na ƙamshi, Illa na ɗaure bakin sungumi sai ga Balki ta yi sallama, ƙwaryar iri a kanta. Mijinta Garba ne ya taɓa ƙin zuwa gayyar gonar maigari shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya ce tasa gonar ma ciyawa ta cinye ta. Ranar kasuwa da ta biyo baya, gari ya watse, Illa ya je da gatari da fartanya ya tumɓuke gambar iyakar Garba ya dasa ta ciki. Yankin ya shige gonar maigari. Garba ya rasu bayan shekara uku, bai sake taka zauren ba.

"Yaya Illa, ba ƙara na kawo ba," in ji ta. "Ina ma wurin kai ƙarar? Shuka zan yi. Yaran Mahamud sun ce in tsaya nan, mutanen Suma'ila sun ce in wuce can. Ni na gaji. Zo ka nuna mini inda ƙasar Garba ta tsaya."

Hafsatu ta leƙo daga madafa. "Malam, kai ma kana da taka shukar."

Ya san abin da take nufi. Ya daɗe yana kallon sungumin. Ba jarumta ya ji ba. Abin da ya ji shi ne ya gaji da amsa wa mutane da addu'a. Ya miƙe da ƙyar ya ce, "Mu je."

Kafin su kai gonar mutane sun bar shuka sun biyo su. Illa ya wuce layin gambar, yana ƙirga taku a ransa, har ya isa wani ɗan kwari. Ya sa sungumi ya tona, bai yi nisa ba ya ci karo da kututturen aduwar tsohuwar iyaka wanda shi da kansa ya sare ya binne.

"Daga nan ne," ya ce. "Iyakar ta miƙe har gawon can."

Mahamud ya iso yana haki, ƙafar wandonsa duk taɓo. "Baba Illa, a gaban mutane kake ce wa ubana azzalumi? Shi da ya ci da kai shekara nawa?"

"Ban ce masa komai ba, yana inda za a tambaye shi. Na ce da hannuna na cire gambar nan. Ni ma za a tambaye ni."

Mutanen Suma'ila suka ɗauki sowa. Wanda ya fi kowa ɗaga murya Musa ne, mai shago, babban na hannun daman Suma'ila. "Faɗi duka, tsoho! Kada ka rage!"

Illa ya juya ya dube shi. "To, Musa. Kai ma fadamar da kake shuka dawa, rabinta ta marayun gidan liman ce. Ni na matsar maka, shekarar da kake ɗasawa da maigari. In mun gama nan sai mu je can."

Sowar ta mutu nan take. Suma'ila, wanda ke tsaye daga baya, ya tattara rigarsa ya koma gari. Balki kuwa ba ta kalli kowa ba. Ta sauke ƙwarya, ta karɓi sungumin daga hannun Illa ta fara sara, tana zuba iri tana rufewa da diddige.

Daga ranar ba ɓangaren da ya sake neman Illa. Mahamud in ya wuce shi sai ya ƙara wa moto wuta. Suma'ila ya aiko a gaya masa ya iya bakinsa. Amma ƙananan mutane suka riƙa zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa tsohuwar iyakar. Kwana tara yana yawo gonaki yana ɗingishi. Wasu suka karɓi maganarsa suka janye. Wasu suka ce ɗan aike ba alƙali ba ne, kuma gaskiyarsu. Musa bai ba da ko taku ɗaya ba. Gonar Illa kanta sai a ruwa na uku aka shuka ta, Hafsatu ce ma ta yi rabin aikin, ba ta yi masa gori ba, amma ta yi kwanaki ba ta yi masa dariya ba.

Geron Balki ya tashi da kyau a sabon yankin. Ana saura kaɗan ya nuna, shanu suka shiga suka cinye fiye da rabi. Ba a gano mai shanun ba, ko kuma ba wanda ya yarda ya gano. Ta yanke abin da ya rage, ta ce wa Illa baɗi ma nan za ta shuka.

An yi zaɓe da kaka ta wuce, a filin lakwal, wato makarantar boko, jandarma biyu na zaune a inuwa. Illa ya je a matsayinsa na magidanci ya jefa ƙuri'arsa, bai gaya wa ko Hafsatu wanda ya zaɓa ba. Suma'ila ya ɗara da ƙuri'a huɗu. Mahamud ya ce bai yarda ba, ya kai ƙara, aka ce takardu sun tafi sama, naɗi sai an ji abin da aka yanke.

Har bazara ta zagayo ba a ji ba. Mutane suka fita sassabe, kowa na share gona har inda maƙwabci zai daka masa tsawa, sannan ya tsaya. Illa ya sayar da akuyarsa ɗaya ya hau mota zuwa Damagaram a duba masa gwiwa. Likita ya ce ya rage tafiya.