Ranar da Eckhard ya kai kek

Eckhard ya gaji da maganar hanya. Tun da ya karye a kafaɗar dama ba wanda ya tambaye shi ko yana samun barci, kowa hanya yake tambaya: ta ina ka bi, a ina ka ratse?

Shi dai kafinta ne, ya yi furfura yana kafa tagogi a wani ɗan kamfani a bayan garin Lüneburg. A wurinsu, kamar ko'ina a ƙasar tasu, mai ranar haihuwa shi ke kawo wa abokan aiki kek. Ba a rubuce abin yake ba, amma ka kuskura ka zo hannu rabbana, sai ka shekara kana shan gori. Ranar tasa da sassafe, zai tafi aiki, ya tsaya a gidan burodi ya karɓi kek ɗin tuffa. Yana fitowa, ƙanƙarar da ta daskare a matakala ta kwashe shi. Bawan Allah ya rungume kwalin, ya bar kafaɗa ta sha ƙasa. Kek ko gezau bai yi ba, har wani abokin aikinsa ya zo ya kai wa jama'a.

A asibiti likita ya tambaye shi yadda aka yi, shi kuwa ya zayyana komai, har da sunan kek ɗin, likita kuma ya rubuta wa inshora.

"Kai dai bakinka ya ja maka, tsoho," in ji matarsa Gudrun, tana cusa masa hannu a riga. "Ka ce ka faɗi a hanyar aiki mana, wa ya tambaye ka tuffa?"

Inshorar haɗarin aiki ta ce ba ruwanta. Tana ɗaukar nauyin ma'aikaci daga ƙofar gidansa zuwa wurin aiki, amma da zarar ya ratse don sabgar kansa, ya fita daga hannunta. Da ta karɓa, da ya samu jinya mai kyau da ɗan fansho saboda hannun. Yanzu kuɗin rashin lafiya ya kusa yankewa, kafintan da ba ya iya ɗaga hannu sama kuwa ba mai ɗaukarsa aiki.

Lauyar ƙungiyar ƙwadago, Frau Lührs, ita ma da ganinta ta gaji. Ta ce ai doka tana ta sauyawa, har mai aiki daga gida in ya yi tuntuɓe zai ɗebo ruwa a kicin, yanzu ana biyansa.

"Madalla," in ji Gudrun. "Sai ka dinga kafa wa mutane taga daga falonmu."

Lauya ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙofa ɗaya ta rage: in maigidansa, Herr Tiedemann, ya shaida cewa kawo kek tsarin wurin aikin ne, wataƙila alƙali ya saurara.

Eckhard ya ɗan ji sanyi a ransa. Tiedemann ne fa mai liƙa ranakun haihuwar kowa a jikin firij, shi ne mai fara yanka, shi ne kuma mai ƙari.

A kotu alƙali ya tambayi Tiedemann ko ana tilasta wa ma'aikata kawo kek. Mutumin ya gyara tabarau, ya dubi lauyan kamfaninsa.

"A'a, ranka ya daɗe. Ganin dama ne, ba wanda ya aike shi."

Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba. Eckhard ya nemi fushi a zuciyarsa bai samu ba, sai gajiya kawai, da kafaɗar da ke masa zogi. Alƙali ya kori ƙarar cikin ladabi, har da yi masa fatan samun sauƙi.

A baranda Tiedemann ya tare shi, ya miƙo hannu, ya tuna da kafaɗar, ya mayar aljihu.

"Ka san ba yadda zan yi, Eckhard. In na ce dole ne, gobe duk wanda ya zame a gidan burodi ni za a kama." Ya yi gyaran murya. "Juma'a ranar haihuwar Sönke ce, mai fentin nan. Ka leƙo mana, 'yan shago suna cigiyarka. Kek ɗin cuku zai kawo."

Gudrun ta buɗe baki, Eckhard ya dafa ta da hannun hagu.

"Ka gaishe shi," ya ce. "Ka ce masa ya saya tun ranar Alhamis."