Loma Bakwai

Ledar da ke rataye a gefen gadon ta sake cika da koren ruwa, na kasa ɗauke ido daga kanta. Siririyar roba ce aka zura ta hancin matata har cikinta, tana zuƙo abin da ya kasa wucewa ƙasa. Ni da rijiya ta rufta da ni sau biyu na fito da ƙafata, har abokan aiki suka laƙaba mini Gagara-Ƙasa, yau ga leda ta gagare ni.

A bakin ƙofa likita ta yi mana bayani, ni da babbar 'yata. Ciwon dajin da ya fara daga ƙwan mahaifa ya bazu, ya shaƙe hanji a wuri fiye da ɗaya. Tiyata ba za ta yiwu ba. Saura roba, da allurar ciwo da ta amai, da jiƙa leɓe da auduga.

"Sauƙi muke nema mata yanzu, Baba, ba waraka ba. In aman ya lafa zuwa jibi, za ta koma gida yadda ta roƙa. Amma kada a ba ta komai ta baki tukuna."

"'Yar nan," na ce wa likitar, "ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in ina haƙa rijiya ina gyaran bututu. In bututu ya toshe, ta sama ake matsa masa ya buɗe."

"Hanji ba bututu ba ne, Baba."

Na yi mata murmushin da babba ke yi wa yaro.

*

Da rana dangi suka zo dubiya. Ƙanwata ta ja ni gefe, ido jawur.

"Yaya, kwana huɗu ba ko loma, kana kallo? Ciwo bai kashe ta ba, yunwa za ta ƙarasa ta. Sai duniya ta ce Gagara-Ƙasa ya bar matarsa ta mutu baki a bushe."

Maganar ta soke ni har ƙashi. A gidana ko shekarar fari ba wanda ya kwana da yunwa. A tambaya a ji.

Washegari da hantsi 'yata ta tafi gida ta share wa uwarta ɗaki, ta gyara gado. Na shigo da burodi a aljihu da shayi a 'yar kwalba, na ja labule.

"Tsohuwa, buɗe baki."

"Maigida, ai an hana."

"Wa ya aure ki, ni ko likita?"

Ta yi 'yar dariya, ta dafe ciki. "Tsoro nake ji."

"Ina tsaye a kanki kike tsoro?"

Shekara arba'in da shida ba ta taɓa mayar mini da hannu ba. Na jiƙa burodin na sa mata, ta haɗiye da ƙyar tana runtse ido. Loma bakwai, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kamar na ci gari da yaƙi. Ko tana jin yunwa, ban tambaya ba.

Can na lura ruwan da ke bin robar ya tsaya cak. Cikinta ya ɗaure tamau kamar ganga. Ta kama wuyan rigata, sai ga amai ta baki ta hanci. Ta shaƙe, idonta ya firfito. Na san wannan kallon. Shi nake yi a ƙasan rijiya, ƙasa na zubo mini a ka.

Nas ta shigo a guje, ta juya matata gefe, ta kira likita. Likitar ta sa sirinji ta zuƙo robar, sai ga ɓarɓashin burodi.

"Wa ya ba ta abinci?"

Da numfashi ya ɗan dawo wa matata, ta ce a hankali, "Ni na roƙe shi."

*

Aman ya shiga huhu. Zazzaɓi ya rufe ta, aka sa mata iska a hanci, ba wanda ya ƙara zancen gida. Kofi da auduga kawai 'yata ta danƙa mini ta fita.

"Maigida, an share ɗakin?"

"An share."

"A buɗe taga, ya sha iska kafin in zo."

"An buɗe."

Na tsoma audugar na kai leɓenta. Hannun da ya fito wa garuruwa da ruwa, yau ɗigo uku ya kasa kaiwa ba tare da ya zubar da ɗaya a kan matashi ba. Sauran burodin yana aljihuna, ya bushe ƙamas. Har yanzu ban sami inda zan yar da shi ba.