Kindirmo a Murfin Fijo

Ranar da amaryarsa za ta sauka a Kuala Lumpur, Fa'iz ya gangara ƙarƙashin bene inda ake ajiye motoci yana tsallake matakala kamar yaro. Tun shigowar daminar ƙarshen shekara ruwa bai ɗauke ba a unguwarsu ta Setapak, wurin kuwa ya yi sanyi ƙalau, bango har naso yake. Ya yaye tamfol, ga ta nan: Fijo 504 fara, irin wadda mahaifin Mubina, amaryar tasa, ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Jos da Kano kafin Allah ya yi masa rasuwa.

Tun suna zance ta gaya masa babu ƙamshin da take kewa kamar na kujerar motar Baba. Shi ya sa da ya ga wannan a harabar wani tsoho a unguwar Cheras, bai iya barci ba sai da ta zama tasa. Bai faɗa mata ba. Alkawari ɗaya ya yi: "Ranar da kika iso, zan ɗauko ki da abin da zai sa ki kuka."

Ya ɗaga bonet, ya murɗe murfin baƙin mai don dubawar ƙarshe. Ya juya shi ya duba. Cikin murfin duk wani farin abu ne mai kauri, sak kindirmo.

"Ƙasimu! Sauko, don Allah!"

Ƙasimu maƙwabcinsa ne, ɗan kasuwa mai kawo wa ɗalibai kilishi da garin tuwo. Ya daɗe a ƙasar har bakinsa ya kama "lah" ɗin da mutanen garin ke rufe magana da shi. Ya sauko da kofin shayi, ya leƙa, ya dangwala yatsa.

"Ango, fura za ka dama? Gaskit ya ƙone, lah. Ruwan lagireto ya haɗe da mai. Kira motar haya kawai."

"Ta yaya zai ƙone? Ko titi ban cika hawa da ita ba! Kullum da safe sai na tayar da ita ta ɗan dumama, na kashe, na goge, na rufe."

"To ka je ka yi wa injin wannan bayanin."

Fa'iz ya buɗe lagireto: ruwa cike yake har baki. Ya zaro sandar awon mai: mai garau, launin zuma. Ya miƙa wa Ƙasimu a hanci.

"Kalla! In da ruwa ya zube ciki, daga ina ya fito?"

"Ni kilishi nake sayarwa, mutumina."

Jirgi na sama, Mubina na ciki, ta baro kowa nata. Ya tuna muryarta ranar da ta ce Baba kan zaunar da ita a kujerar gaba, ta riƙa ƙirga masa shanu a hanya. Ya mayar da murfin yadda ya same shi.

"Da ita zan je. Ka biyo ni da motarka, ka ɗauko igiya."

"Boleh, ba matsala. Amma in ta mutu a hanya, sai na ɗauki hoto."

Suka fita cikin ruwa. Har suka wuce unguwar Sri Petaling idon Fa'iz na kan allurar zafi, bakinsa na salati. Allurar ta hau tsakiya ta tsaya cak. Da suka hau babban titi ya taka totur, injin da kullum yake tari da safe ya saki murya, ya koma wani gurnani mai daɗi. Gonakin kwakwar manja suka riƙa wucewa, ruwa ya tsagaita, rana ta leƙo. Fa'iz ya sauke gilashi ya ƙwala ihu shi kaɗai. Ƙasimu na baya yana danna masa ham.

A filin jirgi Mubina ta fito sanye da mayafi ruwan toka, ta rame kaɗan, ta fi yadda ya bar ta kyau. Ya karɓi akwatinta, ya kai ta wurin ajiye motoci. Da ta hango Fijon sai ta tsaya. Ta taka a hankali, ta buɗe ƙofar gaba, ta sunkuya ta shaƙi kujerar. Kukan da ya yi alkawari ya zo, har Ƙasimu ya juya baya yana gyaran hula.

Sai da ta share ido ta lura da yatsunsa, duk shatin baƙin mai. "Yaya, me ya sami hannunka?"

Ya ba ta labari. Ta ce a buɗe ta gani. Ya sa tsumma ya murɗe murfin mai zafi. Kindirmon ya kusa ƙarewa, saura ɗan kaɗan a gefe.

"Sau nawa kake fita da ita?"

"Ai ajiye miki nake yi. Dumamawa kawai."

Ta fashe da dariya, hawaye bai ma bushe ba. "Wayyo Yaya! A sanyin Jos Baba ya sha nuna mini wannan a motocin maƙwabta. In ka tayar ka kashe injin bai yi zafi sosai ba, gumi ne yake taruwa a ciki, ya gauraya da mai. Sai ta yi doguwar tafiya yake ƙonewa. Cewa yake mota ba ta son kulle."

"Kin ji ko, Amarya," in ji Ƙasimu. "So ne ya kusa kashe ta. Ki yi hattara, yana da sauran tamfol."

"Gobe a juye man nan," ta ce, tana zama a gaba, ta jawo ƙofa. "Ni ma kuma kada a lulluɓe ni a ajiye. Wace hanya ce ta fi nisa zuwa gida?"

Fa'iz ya dubi Ƙasimu.

"Ku bi ta bakin teku, lah. Ni zan kai akwati, in yi muku tapau, wato in sayo muku ƙunshin shinkafa."

Fa'iz ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi.